Sanarwa ga masu niyyar karo karatu a fannin fasahar koyarwa

Assalamu alaikum malamai ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Tunda da yawanmu na shirin komawa karo ilimi, don Allah mu duba digiri na biyu a fasahar koyarwa. Ba kwas ɗin koyon danna kwamfuta ba ne fa, abin da ake dagewa a kai shi ne malami ya haɗa abu uku kamar yadda tsarin TPACK na Mishra da Koehler ya kawo a 2006, ya san darasinsa, ya san dabarar koyarwa, sannan ya san wace manhaja ce ta dace da darasin, don GeoGebra da ke taimakon malamin lissafi ba lallai ta amfani mai koyar da harshe ba. Wallahi yana damuna in ga an kawo majigi aji amma karatun bai canza ba, yara na kwafa kawai. Kafin ku cike fom ku tambaya ko akwai gwajin koyarwa a aji na gaske, wannan ne muhimmi. Mai sha'awa ya yi magana a nan mu haɗu mu fara karanta tsarin UNESCO na 2018 kan ƙwarewar malamai a fasahar sadarwa.