Shekara 37 tsakanin tukunyar wani da tukunyar kansa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rubutun da kuka fitar kan baƙin da suka shiga Amurka hannu rabbana har suka mallaki gidajen abinci, musamman abin da aka faɗa game da Girkawa. Rubutun ya yi daɗi, sai dai ya yi tsalle daga ranar sauka daga jirgin ruwa zuwa ranar buɗe shago. Duk wanda ya san harkar sayar da abinci ya san cewa a tsakanin nan aikin yake. Ina roƙon a ba ni fili in cike gurbin da labarin mutum ɗaya, Nicholas Lambrinides.

Ya bar garin Kastoria da ke arewacin Girka a 1912, ya sauka a Cincinnati ta jihar Ohio, ya baro matarsa a gida saboda babu kuɗin jirgi na mutum biyu. Ya yi wa ma'aikatan layin dogo girki, ya yi aiki a kicin ɗin otal, ya taɓa buɗe ɗan ƙaramin wurin abinci. Sai da aka yi kusan shekara goma kafin matar ta iso, suka haifi 'ya'ya maza biyar. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana kuku ne a wani gidan abinci mai suna Empress, wanda 'yan'uwa biyu, Tom da John Kiradjieff, baƙi daga yankin Masedoniya, suka buɗe a 1922. A 1949 ne shi da 'ya'yansa uku suka buɗe nasu a titin Glenway, a kan tudun Price Hill, suka sa masa suna Skyline saboda daga can ana hango dogayen gine-ginen tsakiyar gari. Daga 1912 zuwa 1949 shekara 37 ke nan. Ya rasu a 1962, wato bai wuce shekara 13 yana cin moriyar wurin ba.

Shekarun nan ba a banza suka tafi ba. Matakan da Girkawa da yawa suka bi kusan iri ɗaya ne: wanke-wanke, sai yanka albasa da feraye dankali, sai tsayawa gaban farantin suya, sai kanta inda ake karɓar kuɗi. Mai wanke kwano shi ne ya fi kowa sanin abin da masu ci ke ragewa, domin a hannunsa ragowar ke ƙarewa. Mai suya ya san minti nawa kowane abinci ke ɗauka. Na kanta ya san wane sa'i ne ciniki ke zafi, wane sa'i ne ake zaman kashe wando. Wanda ya bi layin nan kaf, ranar da ya zama mai gida babu ma'aikacin da zai yi masa rufa-rufa.

Ga abin da Lambrinides ya sayar, kuma a nan nake so masu sana'ar abinci su tsaya su duba da kyau. Miyar nama ce da ake kira Cincinnati chili, wadda ta samo asali daga miyar niƙaƙƙen nama da Girkawa da maƙwabtansu ke zubawa a kan taliya. Da ya kira ta da sunanta na gida, da ma'aikacin masana'anta ya wuce bai leƙo ba. Sunan chili kuwa Amurkawa sun riga sun san shi, sai ya bar sunan yadda Kiradjieff suka sa, ɗanɗanon ya zama na can gida. Ainihin haɗin Skyline sirrin iyalin ne, amma yadda ake dafa irin wannan miya a gidaje sananne ne. A kilo ɗaya na niƙaƙƙen naman shanu ana zuba ruwa kamar lita ɗaya, ruwan sanyi, a dama da hannu ko da cokali mai yatsu har naman ya warware sarai kafin a ɗora a wuta. Ba a soya naman. Idan aka soya, zai dunƙule ya zama ƙwallaye, miyar ta ƙi kama taliya, ta gangare ƙasan faranti. Sannan a sa albasa biyu da aka goga, tafarnuwa, tumatirin gwangwani, barkono, kirfa kamar ƙaramin cokali ɗaya, kanumfari ƙasa da rabin cokali, ɗan ruwan tsami da gishiri. Kanumfari ne ke ɓata wa sababbin hannu aiki: ya ɗan yi yawa, miyar ta koma kamar magani. A bar ta a ƙaramar wuta awa biyu zuwa uku, ba a rufe tukunyar ruf ba. Tun da ba a soya naman an tsiyaye mai ba, sai a bar ta ta kwana cikin firiji, da safe a kwashe kitsen da ya daskare a sama.

Dabarar kasuwancin tana cikin yadda ake zubawa. Taliya da miya da tulin gogaggen cuku, shi ake kira mai hawa uku. A ƙara yankakkiyar albasa ko wake, ya zama mai hawa huɗu. A sa duka biyun, mai hawa biyar. Miyar nan dai ita ake zubawa a kan tsiran Turawa cikin burodi. Tukunya ɗaya, abinci kala biyar ko shida, kaya kaɗan a sito, asara kaɗan. Komai yana nan da zafinsa a bayan kanta, mai ci na zama faranti na isowa, ya tashi wani ya zauna. Kujerar da mutum shida suka zauna a kai lokacin abincin rana ta fi wadda mutum biyu suka daɗe a kai riba.

Lissafin da masu gidajen abinci a Amurka ke yi shi ne kayan girki su ci kusan kashi 30 cikin ɗari na ciniki, albashi ya ci wani kusan 30, haya da wuta da gas da gyara su cinye mafi yawan saura, ribar da ke ragewa sau da yawa ba ta kai kashi 5 ba. Wataƙila shi ya sa Lambrinides bai buɗe Skyline ba sai da 'ya'yansa suka girma. Hannu uku da ba sa jiran albashin ƙarshen mako su ne ke riƙe sabon shago a shekarar farko. Shi ya sa kuma ludayi ke da awo. A ɗauka mai zuba miya yana ƙara giram 20 a kowane faranti don a yaba masa, ana sayar da faranti 300 a rana: kilo 6 ke nan ke fita kyauta kullum, mai gida yana ta mamakin inda ribarsa ke shiga.

Aiki da dangi yana da nasa ciwon. A Detroit, Gust Keros, shi ma ɗan Girka, ya kafa gidan abinci mai suna American Coney Island a 1917, ya kawo ɗan'uwansa William. Daga baya William ya buɗe nasa, Lafayette Coney Island, bango ɗaya ya raba su, har yau suna nan gefe da gefe. Haɗin gwiwar da ba a rubuta rabon kowa ba, wa ke riƙe kuɗi, sunan wa ke kan takardar haya, shi ne ya fi saurin raba 'yan'uwa a wannan sana'a.

Rubutun naku ya kuma yi shiru kan irin tarbar da aka yi musu. A Fabrairun 1909, bayan wani Bagirke ya harbe ɗan sanda a South Omaha ta jihar Nebraska, gungun mutane sun afka wa unguwar Girkawa, suka farfasa shaguna suka cinna wuta, mazauna unguwar suka tsere daga garin. Ƙungiyar Girkawan Amurka mai suna AHEPA an kafa ta ne a Atlanta a 1922, lokacin da Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu wariyar launin fata, ke zuga mutane su ƙaurace wa shagunan baƙi. Dokar shige da fice ta 1924 kuma ta kusan rufe musu ƙofa har zuwa 1965.

Idan za ku sake taɓo wannan batu, ina roƙon ku aika wakilinku ya zauna da mai gidan abinci ɗaya, ya tambaye shi shekara nawa ya yi a kicin ɗin wani, nawa yake kashewa a faranti ɗaya, kuma sunan wa ke kan takardar hayar shagon.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai karanta ku kullum,
daga Kaduna