Auta, layin da nake ba ku labari babu shi yanzu

Assalamu alaikum Auta, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka da yara.

Tun bayan isha'i nake ɗaukar wayar nan ina ajiyewa, na so in kira ka sai na ga in na ji muryarka kuka zan yi ba magana ba, shi ya sa na zauna ina dannawa da yatsa ɗaya. In ta yi tsawo ka daure ka karanta har ƙarshe.

A bakin yayarka na ji, ita ma suɓutar baki ce. Wai biza ta fito tun watan jiya, wai har filin da Babanku ya bar maka ka sa a kasuwa, kowa ya sani a gidan nan sai ni, wai don kar jinina ya hau. To ya hau. Kuma da ta ce Liverpool za ka sai jikina ya yi sanyi, don na san ba ƙwallo ce ta ja ka can ba, bakina ne. Ni na zaunar da ku a tabarma duk daren da aka ɗauke wuta ina ba ku labarin Everton, unguwar da na tashi a Liverpool, kamar wata aljannar duniya, kai kuma ka fi kowa tambaya.

Ban yi muku ƙarya ba. Layinmu a kan tudu yake, gidaje na jan bulo manne da juna kamar haƙoran mataji, in ka tsaya a saman layi kana hango kogin Mersey da jiragen ruwa. Ba a kulle ƙofa, makullin ma a jikin zare yake ta ramin wasiƙa, kowa ya san inda yake. Mata su fito da sassafe su durƙusa suna goge dokin ƙofa da dutse, wadda ba ta goge nata ba ranar ta shiga bakin mutane. Duk macen da ke layin uwarka ce, in ka yi rashin kunya wadda ta fi kusa ita za ta ja maka kunne, ka je gida ka faɗa a ƙara maka. Shekarata bakwai a 1953 da aka naɗa Sarauniya Elizabeth, aka fito da teburan kowane gida aka jera a tsakiyar titi aka rataya tutoci, a shekarar ne kuma aka daina sayar da alewa da katin rabo, ranar sai da muka sha har cikinmu ya yi ciwo. Muna ɗaura igiya a jikin fitilar titi mu yi lilo, maza suna ƙwallo a kangon da bama-baman Jamus suka bari tun 1941. Kakanku lebura ne a tashar jiragen ruwa, ran da aka sauke kayan Afirka ta Yamma sai ya dawo da gyaɗa cike da aljihun kwat, muna ɓarewa a bakin murhu, ban san wata rana zan tsaya a Kano in ga dalar gyaɗar da idona ba. Ya taɓa ɗaukata a jirgin ƙasan nan na sama da ke bin bakin ruwa kafin a rufe shi a ƙarshen 1956, ina leƙen cikin jirage ta taga. Duk wannan an yi.

Amma akwai rabin da na ɓoye, don uwa ba ta ba yara labarin wuya da dare. Masai a bayan gida yake a waje, lokacin sanyi ruwansa daskarewa yake. Wanka sau ɗaya a sati a bahon ƙarfe gaban murhun kwal, ruwa ɗaya ni da Kawunku, wanda ya zo ƙarshe ya samu mai sanyi. Bango kullum a jiƙe, hayaƙin kwal ya haɗu da hazo har ba ka ganin hannunka, shi ya cinye ƙirjin Kakanku. Aikinsa ma ba tabbas, asubar fari za su je su tsaya a cikin shinge kamar awaki a zaɓi wanda aka ga dama, sauran su koma gida hannu rabbana. Ranar Litinin Kakarku ta naɗe kwat ɗinsa ta fita kunya ta kai jingina, Asabar ta karɓo, kowane sati haka. In babu sulai ɗin da za a jefa a mitar gas sai a kwana a duhu. Abin da ya sa muka ji daɗin wurin mutane ne, ba garin ba.

Mutanen kuwa an watsa su. Tun ina budurwa hukumar gari ta ce gidajenmu ba su dace da zaman ɗan Adam ba, kuma da gaskiyarta, sai aka kawo katafila layi bayan layi. Wasu aka kai su Kirkby, wasu Skelmersdale, wasu Runcorn, ba a tambayi wa ke son zama kusa da wa ba. Inda gadona yake a da, ciyawa ce yanzu a filin shaƙatawa na Everton. Ko ƙungiyar ƙwallon Everton da Kakanku ya mutu yana so ta tashi daga filinta na Goodison a 2025, ta koma sabon fili da aka gina a bakin ruwa inda jirage ke tsayawa da. Me za ka je ka tarar? Wa zai ce ga jikan wance?

Kakarku Kirkby aka kai ta, bene mai tsawo, ga banɗaki a ciki ga ruwan zafi a famfo, ta yi murna sati biyu sannan ta fara tsayawa a taga. Kakanku ya riga ya rasu, Kawunku ya biya fam goma ya shiga jirgin Ostareliya, saura ni. Ni ma a 1970 na bi Babanku muka shiga jirgin ruwa Aureol sai Apapa a Legas. Ta raka ni bakin ruwa da hularta ta zuwa coci, ba ta yi kuka ba, kawai ta gyara min wuyan riga ta ce in dinga rubuto wasiƙa. Na ce mata duk shekara zan zo. Sau ɗaya na je cikin shekara tara.

Wannan da zan faɗa ko yayyenka ba su san shi duka ba. A Janairun 1979 ta rasu ita kaɗai a ɗakin nan, mai kawo madara ne ya ga kwalabe sun taru a ƙofa ya kira mutane, kwana uku. Matar da a tsohon layinmu in ba ta ɗaga labule da safe ba kafin ta tafasa shayi an buga mata ƙofa. Kuma lokacin masu haƙa kabari a Liverpool suna yajin aiki, gawarwaki suna jira ba a binne ba, ita ma ta jira. Wato ko ƙasa sai da ta ba ni lokaci Auta, amma ban je ba, ban ma sani ba, wasiƙar maƙwabciyarta sai da ta kai kusan sati uku kafin ta iso akwatin gidan waya. Ina da tsohon ciki lokacin, ko da na sani ba jirgin da zai ɗauke ni, kuma aure ne ya kawo ni ba yawon duniya ba, mace mijinta take bi, Babanku kuma bai taɓa wulaƙanta ni ba ko na rana ɗaya, Allah ya jiƙansa. Haka nake gaya wa kaina shekara arba'in da wani abu. Har yau in na ga madara a kwalba sai na kau da kai.

To ni nan ba za a jira kowa ba, ka sani. In na cika da safe kafin la'asar an sallace ni an kai ni kusa da Babanku, kai kana can kana duba kuɗin tikiti a waya, kana roƙon wani bature ya ba ka hutu. Sai dai a tura maka hoton makara. Shi ne abin da ke hana ni barci, ba sanyi ba, ba wariyar fata ba, ba tarbiyyar yara ba duk da ita ma tana raina. Tsoro nake abin da na yi wa uwata shi za a yi min, kuma ta hannunka, kai da na fi shaƙuwa da kai. Shekarata ta kusa tamanin. Nawa ya rage da ba za ka iya jira ba?

Kar ka ce min ai yanzu akwai bidiyo kol. Waya ba ta ɗaukar makara, waya ba ta shiga kabari ta karɓi uwa ta kwantar. Kuma ɓoye min da ka yi ya fi tafiyar ciwo wallahi, ni ka mayar ƙaramar yarinya? Ni da na bar ƙasata da yarena da kowa nawa na zo na koyi tuƙa tuwo a murhu hayaƙi na shiga min ido, kishiyoyin unguwa suna leƙe suna cewa baturiya ba za ta kai damina ba, ni ce ba zan iya ɗaukar magana ɗaya ba? Filin ubanka kuma ko shawara babu. Da yana raye ba ka isa ba, kai ma ka sani. Kowa ya bar gida gida ya bar shi, ni na gani a jikina ba labari aka ba ni ba.

Na tashi na sha ruwa na dawo. Ka yafe min zafin da na yi.

Na san ba don daɗi za ka tafi ba. Ina ganin yadda kake dawowa daga asibiti idonka ja, ka kwana kana aiki da fitilar waya, albashi ya ƙare kafin tsakiyar wata, ga kuɗin makarantar yara. Ba zan ɗaga maka nono ba, ban da bakin hana ka, uwata ma ba ta hana ni ba. Na sa maka albarka, Allah ya tsare, Allah ya sa akwai rabonka a can.

Abu kaɗan nake roƙo. Ka janye filin daga kasuwa, in kuɗin jirgi ne ina da ɗan abin da na ajiye da awarwaron nan, ka bar wurin da za ka dawo ka sa ƙafa. Kuɗin tikitin dawowa ka ware shi daban kar ka taɓa ko me ya faru, kuma ran da yayarka ta ce Mama ba ta jin daɗi kar ka tsaya tambayar ko da tsanani, ka taho kawai, gara ka zo sau goma ka tarar da ni ina shan koko. In kun sauka ka nemi masallaci tun satin farko, akwai Al-Rahma a Toxteth, ka saba da mutane, ka san sunan maƙwabcinka na dama da na hagu ko da ba su amsa gaisuwa ba ka yi ta yi, kar ka bar yarinyar mutane a ɗaki ita da bango.

Sai na ƙarshe. Kakarku tana maƙabartar Anfield kabari ɗaya da Kakanku, lambar tana jikin wasiƙar maƙwabciyarta, tana cikin gwangwanin biskit a ƙasan akwatina. Ka je da yaran ka cire mata ciyawa, ka goge dutsen sosai, mace ce mai son tsaftar bakin ƙofa. Ka ɗauko min hoto.

Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci da su duka, zan sa a yi dambu, sai in ba ka wasiƙar da hannuna.

Mamanka