Wasiƙa zuwa Kumasi kan gashin takwarata

Assalamu alaikum, aminiyata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya maigida, ya yara? Mu nan Kano ruwa ya ɗauke, sabon gero ya shigo kasuwa. Ku kuwa na san har yanzu sama na tafka muku.

Na saurari saƙonki har sau uku, abin ya tsaya mini a rai. Kin ce gashin takwarata ya ishe ki, yana cukurkuɗewa, yana tashi buzu-buzu, har maƙwabciyarki ta ce ki sa mata rilasa, man miƙar da gashi, ki huta. Don girman Allah kada ki sa. Kin tuna kaina a jajiberin ƙaramar Sallah, muna 'yan shekara 14? Sinadarin soda da ke cikin man nan ya ƙone mini fatar kai, na yi mako ina ɓamɓarar ɓawo, daga baya gashin ya riƙa karyewa daidai inda sabon tsiro ya haɗu da tsohon. Gashi kuwa kamar santimita 1 yake ƙaruwa a wata, sai da na shekara biyu kafin na ga kaina. Ga shi a 2022 wani babban bincike a Amurka, kan mata fiye da 33,000, ya nuna masu yawan amfani da man miƙar da gashi sun fi kamuwa da sankarar mahaifa. Yarinya 'yar shekara 7 ba ta da haɗi da wannan.

Gashinta na kakarta ta wajen uba ne, irin na Fulani, mai laushi da lanƙwasa, ke kuma kina kula da shi kamar naki. Naki mai ƙarfi ne, yana shan mai. Nata kuwa maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarowa cikinsa da sauƙi. Idan kika lafta masa man kaɗanya, tunda ga shi nan banza a Gana, sai ya kwanta ya danƙare, ƙura ta manne, kai ya kama ƙaiƙayi. Ki lakato kamar ƙwayar gyaɗa, ki murza a tafi ya narke, ki shafa a jelar gashin kawai. Tashin da yake yi kuma laimar garinku ce, sai taje shi da kike yi a bushe.

Abin da ya cece ni karkashi ne, wannan dai da muke miya da shi. Wata dattijuwa Bashuwa, maƙwabciyarmu, ita ta koya mini. Ki jiƙa cikin hannu ɗaya a ruwan zafi har ya saki yauƙi, ki tace, ki bar shi ya huce. Ki zuba mata a kai ki fara warwarewa da yatsu, daga ƙasa ki yi sama, kashi-kashi. Sai yatsu sun wuce sumul sannan mataji mai manyan haƙora ya shiga, gashin yana jiƙe. Za ki yi mamaki, ko ƙwalla ba za ta yi ba. In kin ɗauraye kada ki dirje da tawul, ki matse a hankali da tsohuwar riga ta auduga, ki bar shi ya bushe da kansa. A nan lanƙwasar za ta fito, kyakkyawa. Sabulun salo, wanda kuke kira alata samina, yana wanki amma yana busar da gashi, ki narkar da kaɗan a ruwa, sau ɗaya a mako ya wadatar.

Sai kitso, wanda ya fi damuna. Gashi mai santsi yana saurin kwancewa, shi ya sa masu kitso ke ja da ƙarfi don ya daɗe, gaban goshi ya cinye. Ki zauna kusa da su. Manyan kalaba huɗu ko shida sun isa, kada su wuce mako biyu. In kin ga ƙuraje a bakin goshi ko ta kasa kwanciya da dare, ki tsefe a take, ko nawa kika biya. Gashin da kike gani a mataji ranar tsifa kada ya tsorata ki, kowa yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kitso ne ya tara shi.

Chebe da kika tambaya, garin nan da matan Cadi ke shafa wa gashi, ki bar shi sai ta girma, da mai mai nauyi ake kwaɓa shi. Ɗankwali mai santsi lokacin barci ya fi mata amfani yanzu.

Na daka miki karkashi mudu ɗaya, zan ba mutumin nan mai fataucin goro in zai dawo. Ki gaishe da maigida da kyau. Ki ce wa takwarata ina jiran hotonta ranar wankin farko, kafin a yi mata kitso.

Taki har kullum,
Aminiyarki.