A Ɗauki Nauyin Matasan Masana Kimiyyarmu

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan tallafin bincike da ake bai wa matasan masana kimiyya na Afirka, irin wanda Jami'ar Pretoria ke gudanarwa a Afirka ta Kudu. Abin ya taɓa ni, domin ƙanwata ta yi digiri na uku kan gurɓatar ruwa. Na gan ta da idona tana ɗibar ruwan Jakara a kwalabe, baƙi ƙirin, ga wari, ga masu lambu na shayar da latas da shi. Kuɗin gwaji daga albashinta take cirewa, wani lokaci aikin ya tsaya cak sai ƙarshen wata.

Kano ba ta rasa tushe ba. Tun 2012 Jami'ar Bayero take da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna, ga cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, wato IITA, da aikinta kan wake. Roƙona ga attajiranmu na Kantin Kwari da Singa: don Allah kowa ya ɗauki nauyin mai bincike ɗaya na shekara biyu, da kuɗin gwaji da gogaggen malami mai yi masa jagora, tun kafin Turai ta janye mana matasan masananmu.

Naka,
Mai karatu daga Fagge, Kano