Zuwa ga Malam Habibu, kan sabuwar allura da matan da ba sa zuwa awo

Assalamu alaikum Malam Habibu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maman Abdallah da yara. Yaya sanyin can da hidimar jami'a? Mu nan Kano alhamdulillahi, Baba ma ya ji sauƙin ƙafar, ya ce a gaishe ka.

Saƙonka ya iso, na ga murnar da ka yi da labarin allurar rigakafin ƙanjamau. Labarin gaskiya ne. Sunanta lenacapavir, kamfanin Gilead na Amurka ne ya haɗa ta, kuma sau biyu kacal ake yin ta a shekara. An gwada ta a Afirka ta Kudu da Yuganda, a binciken da ya ƙunshi 'yan mata da matasan mata sama da 5,000. Da sakamako ya fito a 2024, cikin 2,134 da aka yi wa allurar ko ɗaya ba ta kamu ba. Abin da ya fi daɗaɗa min rai shi ne, wadda ta samu ciki ana tsakiyar binciken ba a sallame ta ba, an bar mata zaɓin ci gaba. A da, da zarar mace ta yi ciki sai a cire ta, magani ya fito kasuwa likita bai san ko zai ba mai juna biyu ba.

Batun kuɗi kuma, a Amurka ta haura dala 28,000 a shekara, amma an daidaita da kamfanonin Indiya za su yi ta a kan dala 40 daga 2027, domin ƙasashe 120, har da Najeriya. Sai dai Brazil da Peru, waɗanda aka yi gwaji na biyu a jikin mutanensu, ba sa cikin jerin. Wannan kam rashin adalci ne ƙarara.

To amma, Malam, ka san a asibiti nake aiki, kuma damuwata tana wani wurin. Maganin da ke hana jariri ɗaukar cutar daga uwa ya daɗe a hannunmu, kyauta ake ba da shi. Idan uwa ba ta sha ba, cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 na iya kamuwa a ciki ko haihuwa ko shayarwa. Idan ta sha yadda ya kamata, adadin kan koma ƙasa da 5. Maganin na cikin kabad, matan ne ba sa isowa. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna haihuwa 16 cikin 100 kawai ake yi a asibiti a Arewa maso Yamma. Babban binciken ƙanjamau na shekarar kuma ya ce yankinmu ne mafi ƙarancin masu cutar, kashi 0.6 cikin 100, sai wasu suka ɗauki wannan hujjar naɗe hannu. Binciken nan dai shi ya nuna a faɗin ƙasa mata sun ninka maza: kashi 1.9, maza kuwa 0.9.

Waɗanda suka iso ɗin ma sai ka tausaya musu. Mace za ta karɓi maganinta, kafin ta fita ƙofa ta ɓare takardar jikin kwalbar, ta juye ƙwayoyin a ƙullin leda ta soke a gefen zani, don kada kishiya ko uwar miji ta gani. Wata lambar waya ta bogi za ta ba mu. Ba na ganin laifinta, igiyar aurenta take karewa. Ka ce ta zo da maigida a gwada shi, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya ce shi lafiyarsa lau." Wata mai zuwa babu kuɗin mota, shi ke nan ta ɓace mana.

Shi ya sa binciken da aka yi a Inugu ya tsaya min a rai. Farfesa Echezona Ezeanolue da abokan aikinsa suka ɗauki majami'u 40 suka raba biyu. A rabi, ana shirya wa masu juna biyu ɗan biki da addu'a da kyautar kayan haihuwa, a yi musu gwajin jini nan take, a haɗa na ƙanjamau da na sikila da sauransu don kada a nuna kowa da yatsa. A ɗaya rabin, tura su asibiti kawai ake yi. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna kashi 92 cikin 100 sun yi gwaji a rukunin farko, 55 a na biyu. Mazajen ma sun fi fitowa.

Mu ma muna da wuraren da mata ke taruwa ba sai an roƙe su ba: Islamiyyar matan aure, gidan suna, hannun ungozomar unguwa. Amma ba na son a kwafo na Inugu a ɗora mana haka kawai. A gwada shi a nan, unguwa da unguwa, a ƙirga, a ga ko limami ne maigida ya fi saurara ko mai unguwa, a kuma tabbatar sirrin mace bai fasu ba a inda kowa ya san kowa. Sannan matan da ke ɗauke da cutar su zauna a teburin da ake tsara tambayoyin, don sun fi mu sanin abin da ke hana su dawowa.

Roƙona gare ka ke nan. Ka tuntuɓi abokan aikinka na sashen lafiyar al'umma, ko akwai mai sha'awar haɗa gwiwa da masu bincike na gida. Idan an samu, zan tsara abin da muke gani in aiko maka, ba tare da sunan kowa ba.

Ka gaida Maman Abdallah da yara. Allah ya bar zumunci, ya dawo mana da ku lafiya.

Naka,
Auwalu