Kun bai wa mai duba fili ya tsorata mana iyali

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na rediyo na daren Asabar ya ɓata mini rai ƙwarai. Kun bar mai duba ya yi kusan rabin awa yana cewa in wata ya cika ya yi girma haka, to ambaliya da girgizar ƙasa na tafe, kuma kada mai juna biyu ta kuskura ta fito tsakar gida. Malamin jami'ar da kuka gayyato kuwa, yana fara bayani mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. Haba!

Ku zo ku ga abin da kuka jawo a gidanmu. Hajiya ta sa aka naɗe tabarmin yara, aka cusa su ɗaki cikin wannan zafin, ga babu wuta. Matar ƙanena mai cikin wata bakwai ko alwala ta ƙi fitowa yi, sai da aka kai mata buta da roba har bakin gado. Na yi lallashi har na gaji, amsar Hajiya ɗaya ce: "Ai a rediyo aka faɗa."

Bayanin da kuka hana bai fi na minti biyu ba. Wata ba ya tsayawa a nisa ɗaya yayin da yake zagaya duniya. Wani lokaci ya matso kusan kilomita 357,000, wani lokaci ya haura 405,000. In matsowar ta dace da daren cikarsa, sai ya fi mafi ƙanƙantar cikakken wata girma da kamar kashi 14 cikin ɗari, haske da kashi 30. Ruwan teku ya ɗan ƙara tashi, shi ke nan. Na 14 ga Nuwamba 2016, wanda rabon da ya matso haka tun 1948, a ƙofar gida muka kalle shi da maƙwabta, kuma da ba a faɗa mana ba wallahi ba mai gane bambanci.

Mai duban naku ya kafa hujja da girgizar ƙasar Japan ta 2011. Ranar 11 ga Maris aka yi ta, watan bai matso ba sai 19 ga Maris. Mai gabatarwarku ko uffan bai ce ba. Ya manta ne cewa ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) rana ta yi husufi, Annabi ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa?

Ku dawo da malamin nan, ku ba shi shirin gaba ɗaya, a kuma sa shi bayan isha'i lokacin da Hajiya ke kunna rediyo.

Sannan don Allah tallan maganin basir ɗin nan da kuke sakawa ana tsakiyar cin tuwon dare, ku canza masa lokaci.

Naku,
Mai sauraro daga Gusau