Wasiƙa daga Manchester zuwa ga Barista

Manchester,
8 ga Fabrairu, 2026.

Barista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da su Hajiya da kuma amarya, wadda zan ci gaba da kira amarya har ranar da aka aiko mini da goron suna. Na san na yi laifi, domin saƙonninka uku suna nan a wayata tun watan Nuwamba ban amsa ko ɗaya ba, kuma na ƙarshen, inda ka tambaya ko Turawa sun ɗaure ni ne, ya fi sauran yi mini ciwo. Kunya ce ta hana ni rubutu, saboda a cikin watanni ukun nan ba ni da wani labari sai na wasiƙun ban-haƙuri daga kamfanonin lauyoyin da na nemi gurbi a wurinsu, har guda goma sha ɗaya. Ranar Alhamis da ta wuce ta goma sha biyu ta iso, sai ga shi wani kamfanin lauyoyi mai ofis a nan Manchester da kuma Landan ya ba ni gurbin zaman gwaji na mako biyu a hutun Ista. A tsaye na karanta ta a ƙofar ɗakin karatu, sau uku, kafin na yarda cewa sunana ne a sama.

Na san abin da za ka ce, wato a kan mako biyu kacal ake wannan murna, alhali kai ka yi makonni kana ɗaukar fayil a cemba, wato ofishin lauya, lokacin da kake makarantar horas da lauyoyi ta Bagauda ba wanda ya buga maka ganga. To, a nan Ingila aikin lauya kashi biyu ne. Akwai barista, wanda ya fi tsayawa gaban alƙali, akwai kuma solisita, wanda mai neman shawara ke fara zuwa wurinsa, shi ke tsara yarjejeniya da cinikin kamfanoni da gidaje. Ku a Najeriya a rana ɗaya aka ba ku sunayen biyu, ku sa hular gashi ku ɗauki hoto. Ni hanyar solisita na kama, kuma manyan kamfanoni suna shigar da mutum ne ta kwantiragin horo na shekara biyu, inda yawanci yake yin wata shida-shida a sassa huɗu. Suna zaɓen mutanensu tun shekara biyu kafin a fara, kuma da yawansu daga cikin waɗanda suka yi zaman gwaji suke tsinta. Saboda haka mako biyun nan intabiyu ce mai tsawo, ana kallon yadda kake rubutu, da yadda kake tambaya, har da yadda kake gaishe da mai karɓar baƙi. Idan na haye, sai watan Satumba na 2028 zan fara horon.

A nan ne zan ba ka abin da ka daɗe kana jira, wato in ce ka yi gaskiya. Ka tuna daren da muka zauna a Kongo, harabar jami'armu ta Zariya, kana ce mini in daure in yi makarantar horas da lauyoyi kafin in tafi, ni kuma ina ce maka gurbin karatu ba ya jiran kowa. Tun 2021 hukumar SRA mai kula da solisitoci ta kawo jarrabawar SQE ga masu son zama solisita. Kashin farko tambayoyi 360 ne na zaɓi, cikin kwana biyu. Kashi na biyu gwaji 16 ne na aiki, har da zama da mai neman shawara da rubuta masa wasiƙa da kare magana a baki. Kuɗin zaman duka biyun a farkon 2026 ya kusa fam 5,000, ban da kuɗin darasi, kuma sau uku kawai ake yarda mutum ya gwada cikin shekara shida. Ban da jarrabawar sai an nuna shekara biyu ta aikin lauya, wadda za a iya haɗawa daga wurare har huɗu. Wanda aka riga aka rantsar lauya a ƙasarsa, irinka, an ɗauke masa wannan sharaɗi na shekara biyu. Ranar da na karanta hakan a shafin hukumar na rufe kwamfuta na fita yawo cikin ruwan sama. Ka yi dariyarka, amma kada ka kai wa Alhaji maganar, domin shi ma ra'ayinka ya bi a lokacin.

Wasiƙun ban-haƙurin nan, da na waiwaya, ban ga laifin masu aiko su ba. Kusan kowane kamfani yana buɗe fom a intanet wajen Satumba ko Oktoba, ya rufe a Disamba ko Janairu, kuma kusan duka suna tambayar abu uku: me ya sa aikin lauyan kasuwanci, me ya sa kamfaninmu, me ya sa kai. Ni kuwa sai na tsara amsa ɗaya mai daɗin karatu, cike da kirari, ina canja suna kawai ina aikawa. Bayan ta shida na kai wa wata mata a ofishin ba ɗalibai shawarar neman aiki. Ta karanta shiru, ta ɗora babban yatsanta a kan sunan kamfanin, ta ce in gaya mata wa na rubuta wa wannan. Na kasa. Daga nan ta ɗauki biro ta yi ta zagaye kalma ɗaya a amsar da na ba da labarin gasar kotun gwaji da muka yi a aji huɗu, duk inda na rubuta "muka yi" ko "muka tsara". Ta ce ba ƙungiyarku za su ɗauka aiki ba, me kai ka yi da hannunka?

Barista, wannan ya fi komai yi mini wuya. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma ɗan mutunci ba ya zama gaban manya yana lissafa bajintarsa. A nan kuwa wanda ya yi kawaici sai a ɗauka ba shi da abin faɗa. Na yi kwana biyu ina gyara sakin layi guda, duk sanda na rubuta "ni na gano" sai in ji kamar Malam na bayana da bulala. Abin da ya sasanta ni da lamarin shi ne na daina kallonsa a matsayin yabo, na mai da shi ba da shaida: ga abin da ya faru, ga abin da aka ɗora mini, ga abin da na yi, ga yadda ta ƙare. Kuma a gasar nan ni na gano hukuncin da ya rushe hujjar ɗaya ɓangaren, ko da yake kai ka miƙe ka karanta shi aka tafa maka.

Akwai kuma gwajin Watson Glaser, tambayoyi 40 cikin kamar rabin sa'a, wanda ya kayar da ni sau biyu. Za a ba ka ɗan bayani, sannan a kawo wata magana a ce ka yanke ko gaskiya ce, ko mai yiwuwa gaskiya ce, ko bayanin bai isa a yanke ba, haka har zuwa ƙarya. Kuskurena shi ne ina shigo da abin da na sani daga waje, alhali ana so ka tsaya kan abin da ke rubuce kawai, kamar alƙalin da ba ya hukunci da saninsa. Bayansa sai intabiyu ta bidiyo, inda babu mutum ko ɗaya a ɗaya gefen. Tambaya ta fito a allo, a ba ka ɗan lokaci ka yi tunani, sannan ka yi ta yi wa fuskarka jawabi agogo na gudu.

Abin da ya juya mini al'amarin shi ne wata kalma da suke yawan maimaitawa, wai suna son mai fahimtar kasuwanci. Na yi watanni ina haddace labaran jaridun kuɗi kamar mai shirin musabaƙa, ban lura cewa abin yana gidanmu ba. Na zauna a shagon Kawu a Kantin Kwari a watan Yunin 2023, lokacin da Babban Banki ya saki naira, na ga yadda atamfar da aka ba 'yan Maraɗi bashi a kan tsohon farashi ta koma asara kafin su dawo da kuɗi, na kuma ga yadda Kawu ya sauya sharuɗɗan ba da kaya daga ranar. Haka nan darussan mu'amalat da muke ƙorafi a kansu, murabaha da ijara da musharaka, wato hanyoyin ciniki da haya da haɗin jari na Musulunci, ashe abinci ne a Landan. Gwamnatin Birtaniya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, na fam miliyan 200 a 2014, ta ƙara na miliyan 500 a 2021, ga kuma namu na naira biliyan 100 da aka fara a 2017 domin gina hanyoyi. Sai na daina jefa ƙugiya ko'ina, na nemi kamfanonin da ke da sashen hada-hadar kuɗi ta Musulunci, na rubuta musu abin da na sani da gaske. A fom huɗu na ƙarshe, biyu sun kira ni bidiyo, ɗaya ya kira ni ofis.

Ranar tantancewar mu shida aka zaunar a tebur ɗaya, aka ba mu labarin wani kamfani da ke son sayen wani a ƙasar waje, aka ce mu tattauna, mutum biyu na gefe suna rubutu. Na yi minti goma ina jiran a ba ni dama kamar a zauren Alhaji, har na gane cewa ba mai ba ni. Da wani saurayi ya tsaya shan ruwa sai na shiga, na ce ba wanda ya tambaya da wane kuɗi za a biya, kuma wa zai ɗauki asara idan darajarsa ta faɗi kafin a kammala. Na ga ɗaya daga masu rubutun ta ɗaga kai. Da la'asar aka kai ni gaban ɗaya daga manyan kamfanin, dattijuwa mai furfura, wadda ta ce in kira ta da sunanta na yanka. Bakina ya ƙi, sai na yi ta kewaye sunan har muka gama, ina kuma tilasta wa idona ya bar kallon tebur. Ta tambaye ni bambancin sukuk na ijara da takardar bashi ta gwamnati, na ce mai sukuk yana da rabo ne a amfanin wata kadara, haya yake karɓa ba ruwa ba. Ta ce to idan kadarar ta ƙone fa? Muka yi minti ashirin a kan wannan kaɗai, kuma shi ne karo na farko tun zuwana ƙasar nan da na manta ana gwada ni.

Damuwar da ta rage ita ce biza. Takardata ta ɗalibi sa'a 20 kawai ta yarda in yi aiki a mako idan ana karatu, kuma a kwas ɗinmu na digiri na biyu watannin bazara lokacin rubuta kundi ne, ba hutu ba, shi ya sa zaman gwajin bazara ya fi ƙarfina, na roƙi na Ista. Idan na gama akwai bizar shekara biyu ta waɗanda suka kammala, wadda gwamnati ta ce za ta rage zuwa wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027, saboda haka ina addu'ar sakamakonmu ya fito da wuri. Ko da na samu, za ta ƙare ne horo bai yi nisa ba, dole sai kamfanin ya tsaya mini. Na tabbatar suna da lasisin yin hakan kafin in cika fom, darasin da na koya bayan na ɓata dare uku a kan wani da ba shi da shi. Kuma don Allah, idan ka ji ana cewa sabon solisita a manyan kamfanoni irin su Clifford Chance da Linklaters yana karɓar fam 150,000 a shekara, kada ka buga shi da naira a gaban su Hajiya. Nawa kamfanin bai kai can ba, ni kuma ko ƙofar ban shiga ba tukuna.

Ina da roƙo. Suna son mutum biyu da za su ba da shaida a kaina, na samu ɗaya a nan. Ka taimaka ka je wurin Oga, wanda muka zauna a cembarsa lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, ka gaya masa za a aiko masa da saƙon imel, ya riƙa dubawa, ko ya sa sakatarensa ya duba, domin ka san halinsa da waya. Ka tuna masa cewa ni ne na tsara masa fayilolin rigimar filaye, kada ya rubuta musu labarinka.

Sai yanzu da na koma kan saƙonka na farko na ga ashe tambaya ka yi a kan ƙaninka da ke son tahowa. Wannan sai na zauna na rubuto maka shi daban bayan azumi, amma kafin nan ka gaya masa in ji ni ya gama Bagauda tukuna. Ka gaishe da su Hajiya, ka roƙa mini addu'arta, zan fara ne kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah.

Wassalam,
naka abokin karatu, wanda ba a rantsar ba tukuna.